Daga Ƙawance Zuwa Ƙone-ƙone: Yadda Siyasar Ƙabilanci Ta Gwada Dimokuraɗiyyar Kenya

Ranar 30 ga Disamba, 2002, dandalin Uhuru da ke tsakiyar Nairobi ya cika ya batse, babu masaka tsinke. An turo Mwai Kibaki a keken marasa lafiya, ƙafarsa ɗaure da filasta saboda hatsarin motar da ya yi ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, ya yi rantsuwar kama aiki a gaban jama'a. Daniel arap Moi, wanda ya shekara 24 a kan mulki, yana zaune yana kallo, mutane na yi masa ihu, wasu ma har sun jefi ayarin motocinsa da laka. Jam'iyyar KANU, wadda ta riƙe ƙasar tun samun 'yancin kai a 1963, ta sha ƙasa a akwatin zaɓe. Afirka ta yi murna, domin ba kasafai ake ganin haka ba a lokacin.

Shekara biyar cif bayan nan, a ranar 30 ga Disamba, 2007, an sake rantsar da Kibaki. Wannan karon dab da magariba aka yi, a farfajiyar fadar shugaban ƙasa, a gaban tsirarun baƙi, jim kaɗan bayan hukumar zaɓe ta faɗi sakamako. Gwamnati ta hana gidajen rediyo da talabijin watsa komai kai tsaye. Kafin gari ya waye hayaƙi ya turnuƙe Kisumu da Eldoret da unguwar marasa galihu ta Kibera. Cikin wata biyu an kashe mutum 1,133, kamar yadda kwamitin binciken Mai Shari'a Philip Waki ya ƙididdige, wasu kimanin 600,000 kuma suka rasa matsuguni.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, mutanen da suka haɗa kai suka kayar da KANU a 2002 su ne dai suka ja daga da juna a 2007.  Duk mai son sanin ko zaɓe na kawo zaman lafiya a ƙasa mai ƙabilu da yawa, ko kuwa ƙara rura wuta yake yi, zai sami abin dubawa a wannan labari.

A Kenya babu ƙabilar da za ta iya cin zaɓe ita kaɗai. Ƙidayar 2019 ta ba da mutum miliyan 47.6. Kikuyu ne suka fi yawa, amma kashi 17 cikin ɗari kawai suke. Luhya na da kusan kashi 14, Kalenjin 13, Luo kusan 11, Kamba kusan 10, sauran kuma sun rarrabu tsakanin ƙabilu sama da 35, ciki har da Somali da Kisii da Mijikenda da Masai. Don haka lissafin siyasa a can lissafin tara ƙabilu ne: wa zai kawo mutanensa, kuma me za a ba shi? Duk da wannan tarin jama'a, shugabanni biyar da ƙasar ta yi daga ƙabila biyu kacal suka fito. Jomo Kenyatta da Kibaki da Uhuru Kenyatta Kikuyu ne, Moi da William Ruto kuma Kalenjin.

Tushen gabar ba yare ba ne, ƙasar noma ce. Turawan mulkin mallaka na Ingila sun ƙwace mafi kyawun filayen da ke kan tsaunuka suka keɓe wa kansu, suka kori Masai da Kalenjin daga makiyayarsu, suka kuma matse Kikuyu, har da yawansu suka koma 'yan ƙwadago a gonakin Turawa a lardin Rift Valley. Da Turawa suka tashi tafiya, aka fito da shirin sayen gonakinsu a raba wa 'yan ƙasa. Waɗanda suke da kusanci da gwamnatin Kenyatta, da kamfanonin haɗin gwiwa na sayen fili waɗanda galibinsu na Kikuyu ne, su suka fi amfana. Ɗan Kikuyu yana riƙe da takardar mallaka, ya biya kuɗinsa da guminsa. Ɗan Kalenjin kuma yana kallon filin a matsayin gadon kakanninsa da aka ƙwace sau biyu. Kowa da hujjarsa, kuma babu gwamnatin da ta zauna ta warware wannan ƙulli da gaske. An bar shi a ajiye, ɗan siyasa na ɗauko shi duk sanda zaɓe ya ƙarato.

Ƙawancen farko ma bai yi ƙarko ba. Kenyatta da Jaramogi Oginga Odinga, jagoran Luo, tare suka karɓi mulki, ɗaya shugaba ɗaya mataimaki. A 1966 suka raba gari, Odinga ya kafa jam'iyyar KPU. A Yulin 1969 aka harbe Tom Mboya, haziƙin minista ɗan Luo, a kan titi a Nairobi. A Oktoban shekarar, jami'an tsaro suka buɗe wa jama'a wuta a Kisumu lokacin da Kenyatta ya je buɗe asibiti, aka haramta KPU, aka tsare Odinga. Daga nan Luo suka ɗauka cewa an rufe musu ƙofar fadar shugaban ƙasa, kuma wannan tabo bai goge ba har yau.

Moi ya gaji Kenyatta a 1978, a 1982 kuma aka rubuta a tsarin mulki cewa jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasar. Hujjarsa a kullum ita ce, idan aka bari jam'iyyu suka yi yawa, kowace ƙabila za ta kafa tata, ƙasa ta wargaje. Har yanzu akwai masu faɗin irin wannan magana a Afirka, musamman idan soja ya yi juyin mulki. Amma ya kamata a tuna abin da aka binne a ƙarƙashin wancan shirun da ake kira zaman lafiya: kisan ɗan majalisa J.M. Kariuki a 1975 tun zamanin Kenyatta, kisan gillar da aka yi wa 'yan Somali a filin jirgin Wagalla da ke Wajir a 1984, kisan ministan harkokin waje Robert Ouko a 1990, da ɗakunan azabtarwa a ƙarƙashin ginin gwamnati na Nyayo a Nairobi. Raila Odinga, ɗan Jaramogi, ya kusa shekara tara a tsare a zamanin Moi. Jama'a sun yi shiru ne don tsoro, kuma tsoro ba ya warware rikicin fili.

A ƙarshen 1991, bayan zanga-zanga a gida da dakatar da tallafi daga waje, Moi ya yarda a dawo da jam'iyyu. Tun kafin a kai ga haka aka fara kai hare-hare a Rift Valley. Matasa ɗauke da kwari da baka suka riƙa afka wa gonakin Kikuyu da Luo da Luhya, waɗanda ake ganin ba za su zaɓi KANU ba. Zuwa 1993 an kashe kimanin mutum 1,500, an raba kusan 300,000 da gidajensu. Wani kwamitin majalisa da ya bincika a 1992 ya nuna wa wasu jiga-jigan KANU yatsa. Wato annobar da Moi ya yi gargaɗi a kanta, daga cikin gidansa aka kunno ta. Wannan muhimmin abu ne ga mai son fahimtar rikicin ƙabilanci: maƙwabtan da suka shekara talatin suna cin kasuwa ɗaya ba sa wayar gari haka kawai su ƙona wa juna rumbu. Sai an sami mai ba da kuɗin mai, da motar ɗaukar matasa, da tabbacin cewa ba za a kama kowa ba.

Su kuwa 'yan adawa, da hannunsu suka miƙa wa Moi nasara. Ƙungiyar FORD da ta jagoranci fafutukar ta dare gida biyu saboda Odinga da Kenneth Matiba kowa ya ce shi zai tsaya, Kibaki kuma ya kafa tasa jam'iyyar. A zaɓen Disamban 1992 Moi ya samu kashi 36 cikin ɗari, Matiba 26, Kibaki kusan 20, Odinga kusan 18. Kusan mutum biyu cikin uku sun ƙi Moi, amma shi ya ci. A 1997 aka maimaita, ya tsira da kashi 40. Mai karatu a Najeriya zai ga kamar ya san wannan lissafi, domin a 2023 Bola Tinubu ya ci da kusan kashi 37, yayin da Atiku Abubakar da Peter Obi da Rabi'u Musa Kwankwaso, waɗanda shekara huɗu kafin nan duk suna cikin jam'iyya ɗaya, suka raba sauran a tsakaninsu.

Sai a 2002 suka yi hankali, kuma Moi ne ya taimake su. Wa'adinsa ya ƙare, sai ya tsallake tsofaffin 'yan jam'iyya ya ɗauko Uhuru Kenyatta, ɗan shugaba na farko, ya ce shi ne magaji. Raila, wanda watanni kaɗan kafin nan ya narkar da jam'iyyarsa cikin KANU har aka ba shi babban sakatare, ya fice a fusace, ya ja su Kalonzo Musyoka da George Saitoti da Moody Awori. Suka haɗu da ɓangaren Kibaki da Kijana Wamalwa da Charity Ngilu, aka haifi haɗakar NARC. A wani gangami a Oktoba, Raila ya tsaya a kan mumbari ya ce Kibaki ya isa, shi za a bi. Da Kibaki ya kwanta jinya bayan hatsarin mota, Raila ne ya ɗauki yaƙin neman zaɓen a kafaɗarsa. Kikuyu da Luo da Luhya da Kamba suka jefa ƙuri'a wuri ɗaya, Kibaki ya samu kashi 62, Uhuru 31. Kasancewar manyan 'yan takarar biyu duk Kikuyu ne ya rage zafin ƙabilanci ƙwarai, aka yi zaɓe lami lafiya.

Amma a ƙarƙashin wannan murna akwai wata takarda. Ɓangarorin biyu sun sa hannu a yarjejeniya cewa za a raba kujerun ministoci daidai wa daida, a yi sabon tsarin mulki cikin kwana 100, a kuma ƙirƙiro muƙamin firaminista wanda kowa ya san na Raila ne. Takardar ba ta da ƙarfin doka. Babu kotun da za a kai ta. Tsarin mulkin lokacin ya tara iko duka a hannun shugaban ƙasa, kuma da zarar mutum ya rantse babu mai iya tilasta masa cika alkawarin da ya ɗauka a ɗakin otal. Kibaki ya ba Raila ministan hanyoyi, manyan ma'aikatu irin su kuɗi da tsaron cikin gida suka koma hannun makusantansa daga yankin Dutsen Kenya, maganar firaminista kuma ta bi ruwa.

Wannan ciwo ba na Kenya kaɗai ba ne. A Gambiya jam'iyyu bakwai suka tsayar da Adama Barrow a 2016 bisa alkawarin zai yi shekara uku ya sauka. Ya kayar da Yahya Jammeh, ya yi shekara biyar, ya kafa tasa jam'iyyar ya sake tsayawa. A Najeriya APC, wadda aka haɗa a 2013 daga ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA, ta kayar da gwamnati mai ci a 2015, amma tun a rabon shugabancin majalisa aka fara kai ruwa rana, kuma zuwa 2018 da yawa daga waɗanda suka shigo daga PDP sun koma inda suka fito. Ƙawancen da aka gina a kan ƙin mutum ɗaya yakan rasa abin riƙewa ranar da mutumin ya tafi, sai a koma rigimar wa zai samu me.

Adalci ne a faɗi cewa gwamnatin Kibaki ta yi aiki. Ta soke kuɗin makarantar firamare a Janairun 2003, yara sama da miliyan ɗaya suka ƙaru a aji. Tattalin arziki ya farfaɗo har bunƙasarsa ta kai kusan kashi 7 cikin ɗari a 2007. Sai dai wanda yake jin an ci amanarsa ba ya ganin titi. Kuma cin hanci bai tafi ba: John Githongo, mutumin da Kibaki ya naɗa don yaƙar rashawa, ya ajiye aiki a 2005 yana ƙasar waje, bayan ya bankaɗo badaƙalar kwangilolin Anglo Leasing.

A Nuwamban 2005 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan daftarin tsarin mulkin da ya bar wa shugaban ƙasa ikonsa kusan yadda yake. Alamar masu goyon baya ayaba ce, ta masu ƙi kuma lemo. Lemo ya ci da kusan kashi 58. Kibaki ya rushe majalisar ministoci, ya bar su Raila a waje. Daga wannan lemo aka samu jam'iyyar ODM, wadda ta tara Raila daga Luo, Musalia Mudavadi daga Luhya, William Ruto daga Kalenjin, Najib Balala daga gaɓar teku. A wuraren gangami da gidajen rediyon harsunan gida aka fara jin wata magana mai haɗari: ƙabilu 41 a gefe ɗaya, ƙabila ɗaya a ɗaya gefen. A ɓangaren Kikuyu kuma ana gaya wa talaka cewa idan Raila ya hau, gonarsa da shagonsa sun tafi. An mai da zaɓe batun rai da mutuwa tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

Aka yi zaɓe ranar 27 ga Disamba, 2007. Sakamakon farko ya nuna Raila a gaba da tazara mai faɗi, ODM kuma ta lashe kujeru 99 a majalisa yayin da jam'iyyar Kibaki ta PNU ta samu 43. Sai sakamakon wasu mazaɓun tsakiyar ƙasar ya yi jinkiri, tazarar ta riƙa narkewa, a ƙarshe aka ce Kibaki ya ci da ƙuri'u kusan 230,000. Shugaban hukumar zaɓen da kansa, Samuel Kivuitu, ya faɗa wa 'yan jarida bayan 'yan kwanaki cewa bai san ko Kibaki ne ya ci ba. Kwamitin da alƙali Johann Kriegler na Afirka ta Kudu ya jagoranta ya ce an ɓata lissafin yadda ba za a iya gane wanda ya yi nasara ba. Raila ya ƙi zuwa kotu, domin Kibaki ne ya naɗa alƙalan. Da aka rasa inda za a kai ƙara, sai aka kai ta titi.

Ranar 1 ga Janairu, 2008, a ƙauyen Kiambaa kusa da Eldoret, mata da yara da tsofaffi 'yan Kikuyu suka fake a wata majami'a, suna zaton ba za a taɓa wurin ibada ba. Aka kewaye ginin, aka cinna masa wuta da katifun da suka kwana a kai. Kusan mutum 30 suka mutu. A ƙarshen watan ramuwar gayya ta zo a Nakuru da Naivasha, garin da ake noman furannin da ake kaiwa Turai. 'Yan daba suka tare hanya suna duba katin shaida, domin suna kawai ya isa ya nuna ƙabilar mutum. A gida ɗaya a Naivasha an ƙona 'yan Luo 19, yawancinsu mata da yara. Akwai kuma wani adadi da ba a cika ambato ba: cikin waɗanda suka mutu, 405 harsashi ne ya kashe su, kuma kwamitin Waki ya ɗora alhakin hakan a kan 'yan sanda. Wutar ta tsallaka iyaka, domin Yuganda da Ruwanda da gabashin Kwango duk ta tashar jiragen ruwa ta Mombasa suke samun kaya. Man fetur ya yi wuya a Kampala cikin 'yan kwanaki. Bunƙasar tattalin arzikin Kenya ta faɗo ƙasa da kashi 2 a wannan shekara.

Kofi Annan, tare da Graça Machel da Benjamin Mkapa, sun shafe makonni suna shiga tsakani kafin Kibaki da Raila su sa hannu kan yarjejeniyar raba mulki ranar 28 ga Fabrairu, 2008. Raila ya zama firaminista, muƙamin da aka yi masa alkawari tun 2002. Sai da aka zubar da jinin mutum fiye da dubu sannan aka ba da abin da sa hannu ɗaya ya isa ya bayar shekara biyar kafin nan.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren labarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Gwamnatin haɗin gambizar, mai ministoci kusan 40, ta yi zaman doya da manja, amma ta haifar da tsarin mulkin 2010, wanda kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka amince da shi. Waɗanda suka rubuta shi sun gane cewa matsalar ita ce girman abin da ake takara a kai. Idan kujera ɗaya ce ke raba fili da aiki da titi da asibiti, to duk wanda ya rasa ta ya rasa komai, kuma zai yi komai don kada ya rasa. Sai suka rage wa kujerar nauyi. Aka kafa gundumomi 47, kowace da zaɓaɓɓen gwamna da majalisa, aka wajabta ba su aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Aka ce ba mai zama shugaba sai ya haura rabin ƙuri'u, ya kuma samu kashi 25 a aƙalla gundumomi 24, sharaɗin da ya yi kama da wanda Najeriya ta sa tun 1979 na kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi. Aka kafa Kotun Ƙoli wadda dole ta yanke ƙarar zaɓen shugaban ƙasa cikin kwana 14, wato kafin a rantsar da kowa. Aka tantance alƙalai. Wata doka ta 2011 kuma ta ce duk yarjejeniyar ƙawance sai an kai ta ofishin rajistar jam'iyyu an ajiye, don kada a sake yin irin ta 2002.

Adalci ga waɗanda aka kashe kuwa bai samu ba. Majalisa ta ƙi kafa kotu ta musamman a gida, sai maganar ta tafi Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague. Cikin mutum shida da aka ambata akwai Uhuru Kenyatta da William Ruto, waɗanda a 2007 suke ɓangarori biyu masu gaba. Sai suka haɗa kai, suka kafa ƙawancen Jubilee, suka ce Turawa ne ke farautarsu, suka ci zaɓen 2013 da ƙyar a zagayen farko. Rift Valley ta zauna lafiya a wannan zaɓe, tunda jagororin Kikuyu da Kalenjin suna kan tikiti ɗaya. An janye tuhumar Uhuru a 2014, aka rufe ta Ruto a 2016, masu gabatar da ƙara na kukan cewa an tsorata shaidu wasu kuma sun janye. Matar da ta rasa 'ya'yanta a Kiambaa ta samu kwanciyar hankalin komawa gona, amma ba ta ga an hukunta wanda ya shirya abin ba. Zaman lafiyar da ya dogara ga shirin manya biyu yana nan ne muddin suna shiri.

A 2017 sabon tsarin ya fuskanci gwaji. Kwanaki kaɗan kafin zaɓe aka tsinci gawar Chris Msando, jami'in da ke kula da na'urorin hukumar zaɓe. Aka ce Uhuru ya ci da kashi 54. Raila ya je kotu, kuma ranar 1 ga Satumba Kotun Ƙoli ƙarƙashin David Maraga ta soke zaɓen, abin da ba a taɓa yi wa shugaba mai ci a Afirka ba. Raila ya ƙaurace wa zaɓen da aka sake, 'yan sanda kuma, tun daga zaɓen farko, sun kashe gommai a yankunan adawa, har da jaririya 'yar wata shida a Kisumu. A Janairun 2018 ya rantsar da kansa a matsayin shugaban jama'a. Ranar 9 ga Maris kuma sai ga shi da Uhuru suna musabaha a ƙofar ofishin shugaban ƙasa. Ƙura ta lafa nan take, kasuwa ta buɗe. Amma babbar jam'iyyar adawa ta koma 'yar gida, Ruto mataimakin shugaba kuma ya koma ɗan adawa yana cikin gwamnati.

Zaɓen 2022 ya zo da abin da masu lissafin ƙabila ba su zata ba. Uhuru ya mara wa Raila baya, Raila ya ɗauki Martha Karua, 'yar Kikuyu, a matsayin mataimakiya. Ruto, wanda ke yawan tuna wa jama'a cewa ya sayar da kaji a bakin titi yana yaro, ya ɗauki baro a matsayin alamar jam'iyyarsa, ya ce takarar tsakanin masu fafutukar neman na abinci ce da 'ya'yan gidajen mulki. Yankin Dutsen Kenya ya juya wa ɗansa Uhuru baya, ya zuba wa ɗan Kalenjin ƙuri'a. Ba za a ce ƙabila ta fita daga lissafi ba, domin Ruto ya ɗauki Rigathi Gachagua ɗan Kikuyu a matsayin mataimaki, ya kuma jawo Mudavadi da Moses Wetang'ula da alkawarin manyan muƙamai don ƙuri'un Luhya. Ya ci da kashi 50.49, Raila 48.85. Tazarar kusan 233,000 ce, kusan daidai da ta 2007. Kwamishinonin zaɓe huɗu cikin bakwai suka nesanta kansu da sakamakon. Duk kayan haɗin wuta sun taru. Amma Raila ya tafi kotu, alƙalai bakwai suka tabbatar da zaɓen baki ɗaya, ya ce bai yarda da hukuncin ba amma yana mutunta kotun, kuma Kisumu ba ta ƙone ba. Mutanen su ne dai, ƙabilun su ne dai. Abin da ya sauya shi ne akwai kotun da wanda ya faɗi zai iya yarda ya je, ga kuma gwamnonin jam'iyyarsa riƙe da gundumomi da kasafin kuɗi.

Raba ikon ma ya zo da nasa lahanin. Rashawa ta sauka gundumomi, an tsige gwamnonin Nairobi da Kiambu a 2020, a wurare irin su Marsabit kuma takarar gwamna ta ƙara tsamin dangantaka tsakanin al'ummomin yankin. Tsohon tunanin ma bai mutu ba. A 2023 Gachagua ya fito fili ya kwatanta gwamnati da kamfani mai masu hannun jari, inda waɗanda suka ba da ƙuri'a da yawa za su fara samu. A Oktoban 2024 aka tsige shi, kuma wannan furuci na cikin tuhume-tuhumen.

Girgizar da ta fi ƙarfi ta zo daga inda jagororin ƙabilu ba su da iko. A Yunin 2024 gwamnati ta kawo ƙudurin haraji da ya taɓa har burodi da kunzugun jarirai. Matasa suka shirya kansu ta TikTok da X, suna cewa ba su da jagora, ba su da jam'iyya, ba su da ƙabila. Ranar 25 ga Yuni suka kutsa cikin ginin majalisa. An kashe sama da mutum 50 a makonnin zanga-zangar, an sace wasu da dama. Ruto ya janye ƙudurin, ya sallami kusan duka ministocinsa, sannan ya yi abin da magabatansa suka saba: ya miƙa wa Raila hannu. 'Yan ODM huɗu suka shiga gwamnati, har da ma'aikatar kuɗi. Da wannan Raila ya yi aiki da duk shugabannin da ya yi takara da su, daga Moi zuwa Kibaki zuwa Uhuru zuwa Ruto. Masoyansa na cewa sau huɗu ya janye ƙasar daga bakin rami, kuma akwai gaskiya a ciki. Matasan da suka binne abokansu kuwa sun ga cewa duk sanda talaka ya biya da jini, manya ne ke raba kujeru. Shi ya sa suka sake fitowa a Yuni da Yulin 2025, aka sake kashe gommai.

Raila ya rasu a Indiya ranar 15 ga Oktoba, 2025, yana da shekara 80, bayan ya tsaya takarar shugabanci sau biyar bai samu ba. Yayansa Oburu Oginga ya karɓi ragamar ODM, jam'iyyar kuma ta rabu kan ko za ta bi Ruto a zaɓen Agustan 2027. A ɗaya gefen, Kalonzo da Gachagua da Karua da tsohon ministan cikin gida Fred Matiang'i sun ce za su tsayar da mutum ɗaya, kowannensu kuma yana da yankin da yake taƙama da shi da burin zama wannan mutum ɗin. Hukumar da za ta ƙirga ƙuri'un ta shafe sama da shekara biyu babu kwamishinoni, sai a Yulin 2025 aka rantsar da sababbi ƙarƙashin Erastus Ethekon, bayan an kai ruwa rana a kotu kan yadda aka naɗa su.